Ruwan Ƙofa ta Ɗaya

Isufu mai gadin baraji, wato madatsar ruwa, ya shigo biron aikin noman rani da ke Buza ko sallama bai gama ba, rigarsa jiƙe da gumi, ya tsaya a kan Alƙasim ya gaya masa an ɗaure ƙofar ruwan mahaifinsa da sarƙa.

Alƙasim ya ɗago kai daga gaban odinater, wato kwamfuta. Ya tura masa kujera, amma Isufu bai zauna ba. A tsaye ya zazzage labarin. Ƴan koperatif, ƙungiyar manoman Tsamiyar Kwari, sun zauna jiya. Ranar Juma'a, da an sauko daga masallaci, za su yanke hukunci, kuma kowa ya riga ya san hukuncin: za a karɓe garkar Malam Jima, mahaifin Alƙasim, a ba wani. Laifinsa satar ruwa. Ruwan da ya kamata ya shiga garkar Tabawa, matar marigayi Mahaman, shi ke ɓullowa a garkar Jima, har albasarta ta fara kwanciya.

"Baba ya fasa kanal?" Alƙasim ya tambaya.

"Babu wanda yaf fasa komi," in ji Isufu. "Ƙofa ita ka buɗe kanta. Cewa sukai kai ka koya ma injin sanin gidanku."

Shekarar 1988 ce, tsakiyar rani. Alƙasim ɗan Tsamiyar Kwari ne, wani ƙauye a gefen kwarin Magiya, gaba kaɗan da Tabotaki. Tun yana ƙarami lakwal, makarantar boko, ta ɗauke shi zuwa Tawa, daga nan Yamai, daga nan wata ƙasa ta bakin teku inda ya karanto aikin odinater. Da ya dawo aka ɗauke shi a wannan aiki na gwaji, aka ce ya sa wa ƙaramin barajin garinsu injin rabon ruwa, don a huta da faɗan wa ya riga wa. An gina ɗan ɗaki a bakin baraji, aka ɗora masa fanon rana mai ba da lantarki a kai, aka ajiye akwatin injin a ciki. Kowace garka da ƙofarta ta ƙarfe, kowace ƙofa da butonta a jikin akwatin. In ranar mutum ta zo, ƙofarsa ta buɗe da kanta, in lokacinsa ya cika ta rufe.

Abin da ke tafiyar da akwatin kuwa Alƙasim ne ya rubuta shi da hannunsa. Masu sana'ar suna ce masa nuwayo, wato ƙwayar furogiram da ke tsakiyar komai, wadda ke sauraron agogo, ta saurari butoci, ta raba wa kowane aiki lokacinsa. Ba da harshen injin ya rubuta shi ba. Ya rubuta da harshen da mutum ke iya karantawa, sannan ya miƙa wa kwampilater, wani furogiram da aka sayo daga ƙetare, wanda aikinsa shi ne juya rubutun mutum zuwa lambobin da injin ke ji. Abin da ya fito aka ƙona shi cikin wata ƴar baƙar aba mai ƙafafu da ake kira pus, aka danna ta cikin akwatin. Ta yi aiki rani guda ba wanda ya yi kuka da ita.

Shef Sha'ibu, shugaban biron, ya ji komai daga ɗakinsa. Ya fito yana goge tabarau, ya ce masu ba da kuɗin aikin suna nan tafe wata mai kamawa, ba ya son su tarar da rigima. Ya ba Alƙasim makullin moto, babur ɗin aiki, ya ƙara da cewa in har ta tabbata akwai hannunsa, to shi bai san shi ba.

Hanyar Tsamiyar Kwari duk duwatsu ce. Sun isa rana ta take. Alƙasim bai biya gida ba, ya wuce garake kai tsaye, kuma tun daga nesa ya gane garkar Tabawa. Sauran duk kore shar, tata kuwa ta yi ruwan ƙasa daga gefe, ganyen ya faɗi ya manne da ƙasar da ta tsattsage. Tana can ƙarshen kanal, magudanar da ke kai ruwa garake, da tulu, tana kwasar ɗan abin da ya kwanta a rami tana kai wa fangalin da ke da sauran rai. Mace ce da ta manyanta, ƙawar mahaifiyarsa tun kafin mahaifiyar ta rasu. Tun da mijinta ya mutu ita ke riƙe da garkar ita kaɗai, sai ƙanenta da ke zuwa daga Dewule ya kama mata in ya sami sarari. Shi ya sa ta fi kowa musayar rana da maƙwabta, don ruwanta ya dace da zuwansa.

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa gaisuwar duka, har da tambayar gajiyar hanya, sannan ta sauke tulun.

"Inna, wallahi ban taɓa ruwanki ba," ya ce.

"Ni ban ce kai ɓarawo na ba, ɗan Jima. Cewa niy yi ruwana na gidanku." Ta ɗauki tulunta ta koma rami.

Daga nan ya hango garkar mahaifinsa, ta farko daga bakin baraji, albasa ta yi kai har tana ɗaga ƙasa. Sarƙar na nan a jikin ƙofar da ƙaton kwado. A gindin bangon baraji Kalla ke zaune, farsidan, wato shugaban koperatif, wanda ke haɗa wa ƴan gari lodin albasa zuwa Abijan. Mutum ne mai baki, amma ba a taɓa kama shi da cin hakkin wani ba, shi ya sa aka zaɓe shi.

"Musye injiniya, sannu da zuwa," in ji Kalla. "Injin taka ta fi ka zumunci. Kai sai salla-salla muka ganinka, ita kuwa kullum tana gaida tsoho."

Mutanen da ke wurin suka yi dariya. Alƙasim ya roƙi a buɗe masa ɗakin injin. Kalla ya ce a buɗe, amma Isufu ya zauna da shi, kuma kada a fitar da ko ƙusa.

Ya wuni a ɗakin. Ya duba wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya auna batir, ya duba agogo. Ya gwada musayar rana kamar yadda ya koya wa mutane ranar da aka ƙaddamar da injin: a murɗa makullin musaya, na farko ya danna butonsa, sannan na biyu ya danna nasa. Ya yi, ya sake, ya sake. Ɗan allon da ke jikin akwatin yana nuna komai daidai. Ya fito da rubutun nuwayon daga jaka ya bi shi layi-layi, bai ga inda aka ambaci ƙofar mahaifinsa ba balle a fifita ta. Zufa ta jiƙa takardun. Abin da ya fi damunsa shi ne Isufu ba maƙaryaci ba ne, kuma ya rantse ya ga ƙofar tana ɗagawa a ranar da ba tata ba.

Washegari da hantsi yana nan dai zaune, ya rasa ta inda zai ɓullo, sai ga mutum biyu sun yi sallama. Mamman ne da Muhammadu, maƙwabtan garka. Matar Mamman ta haihu, ranar suna ta faɗo a ranar ruwansa, yana son su yi musaya. Alƙasim ya matsa gefe ya ba su wuri, hankalinsa na kan takarda.

Isufu ya murɗa makullin. Mamman ya ɗora babban yatsa a kan butonsa, Muhammadu ya ɗora nasa a kan nasa, suka dubi Isufu. Isufu ya ce bisimilla, suka danna tare.

Alƙasim ya miƙe har takardun suka zube. Ya tambaye su me ya sa suka yi haka, alhali ya ce ɗaya bayan ɗaya.

Mamman ya dube shi kamar ya tambayi me ya sa ake cin tuwo da dama. Ya ce ai haka ake yi tun ana toshe ruwa da katako da laka. In mutum biyu za su yi musaya, tare suke kama katakon su ɗaga a gaban shaida, don kada gobe wani ya ce tilasta masa aka yi.

"Wa za shi farawa?" in ji Muhammadu. "Wanda duk yaf fara, shi na mai roƙo. Mu kuwa musaya mukai, ba bara ba."

Alƙasim ya san wannan al'ada. Yana yaro ya sha ganin mahaifinsa da maƙwabci sun kama katako tare. Bai dai taɓa kawowa a ransa cewa ta biyo mutane har cikin ɗakin injin ba. Ya duƙa ya dubi allo. Ranar Mamman ta koma wa Muhammadu daidai. Ranar Muhammadu kuwa ba ta je wa Mamman ba. Ta tafi ƙofa ta ɗaya.

Ya goge, ya roƙe su su sake. Suka sake, komai ya tafi daidai. Suka sake, daidai. A na gaba, da yatsun suka sauka a lokaci guda cif, ruwan ya sake tafiya ƙofa ta ɗaya. Isufu ya yi salati a hankali. Alƙasim ya gyara wa Mamman ranarsa da hannu, ya yi masa barka da haihuwa, ya hau moto.

Abin da ya riƙa cin ransa a hanya shi ne ya san ya yi tanadin wannan. Tun yana rubuta nuwayon ya yi tunanin buton biyu na iya zuwa tare, kuma ya rubuta abin da za a yi. In rubutunsa daidai ne, injin kuma ta yi wani abu dabam, to a tsakani aka sauya magana.

A biro ya sa kwampilater ya fito masa da abin da ya juya, lambobin nan tsagwaro da ba wanda ke karantawa sai dole. Ya nemo wurin da buton ke katse aiki. Ƙwaƙwalwar injin tana da ƴan aljihuna kaɗan, inda take riƙe abin da take aiki a kai a wannan ƙiftawar ido. Ƙa'ida ita ce, in wani kira ya katse ta tana tsakiyar aiki, sai ta juye abin da ke cikin aljihunan duka ta ajiye gefe, ta biya wa mai kiran bukata, sannan ta mayar da komai inda yake ta ci gaba. Haka ya rubuta. Ya ɗora yatsa a kan allo yana ƙirga aljihunan da aka ajiye, ya zo ƙarshe, ya koma ya sake. Ɗaya babu. Kwampilater, garin dabararsa ta taƙaita aiki, ya ɗauka ba kowa ke amfani da wannan aljihu ba, sai ya tsallake shi. Shi ne kuwa aljihun da lambar ƙofa ke ciki. Buton na biyu ya shigo, ya yi amfani da shi, ya bar sifiri ya fita. Injin kuwa daga sifiri take fara ƙirga, kuma ƙofar da take kira sifiri ita ce mutane ke kira ta ɗaya.

Ya kira Shef Sha'ibu ya nuna masa. Shef ya kalli allon kamar yana kallon rubutun Sin, amma ya gane abu guda: laifin ba na biro ba ne. Fuskarsa ta saki. Ya ce to abu ya zo da sauƙi, a buga wa masu kwampilater teleks, saƙon waya, su gyara kayansu, kafin nan a rubuta sanarwa a manna a ƙofar ɗakin, an hana danna buton biyu tare.

Alƙasim ya tuna masa cewa wancan teleks da suka buga musu, sai bayan damina amsa ta zo, kuma amsar ita ce a jira sabon fitowa. Sanarwa kuwa ba za ta yi komai ba. Mutanen da suka ɗauko al'ada daga katako suka ɗora a kan buton ba takarda ce za ta raba su da ita ba, kuma shi bai ga dalilin da zai sa a raba su ba. Injin aka kawo musu, ita ya kamata ta koyi zama da su.

"To gyara tafintan naka," in ji Shef.

"Ba ni da cikinsa, Shef. A rufe suka sayar mana. Sai dai in zagaye shi."

Ya fara da hanya mafi sauƙi. Ya kashe dabarar taƙaitawar gaba ɗaya ya sake juyawa. Aljihun ya dawo, komai daidai, amma furogiram ɗin ya kumbura har ya fi ƙarfin pus, ba zai shiga ba. Ya mayar da dabarar, ya sauya yadda ya tsara jimlolin ko zai ruɗi kwampilater ya ga aljihun. Kwampilater ya bi ta wata hanya ya sake tsallake shi. Ya sa masa wani aikin banza a tsakani don ya tilasta shi, ya gane na banza ne ya share. Alƙasim ya tashi ya yi alwala ya yi la'asar, ya dawo ya bar lallashi. Ya cire wannan ɗan yanki daga hannun kwampilater ɗungurungum, ya rubuta shi da kansa da harshen injin, layi kaɗan a bakin shiga da ke juye aljihuna duka, layi kaɗan a bakin fita da ke mayar da su. A samansu ya rubuta gargaɗi ga duk wanda zai gaje shi, cewa kada ya ga wurin ya yi muni ya ce zai gyara. Sannan ya bi duk sauran wuraren da ake katse aiki, ya tarar da irin ramin nan a wurin agogo, bai dai ciji kowa ba tukuna. Ya toshe shi ma.

Pus ɗin da ba a rubuta komai a kai ba guda ɗaya ta rage a durowa, fitilar goge su kuwa tana Yamai wurin gyara. In ya ƙona kuskure, shi ke nan. Ya karanta layukan nan har ya haddace su, ya ce bisimilla ya danna.

Ranar Alhamis da yamma ya isa gida. Malam Jima na zaune a kan buzu a ƙofar ɗaki yana tufka igiya. Dogo ne, siriri, mai ƙarancin magana, kuma da yake Alƙasim ɗan fari ne, bai taɓa kiran sunansa ba. Alƙasim ya zauna a ƙasa ya kwashe komai ya gaya masa, da zumuɗi, har yana zana aljihuna a ƙasa da tsinke. Ya ce gobe zai nuna wa kowa, ba wanda zai taɓa garkar.

Tsohon ya daina tufka. Ya dubi zanen.

"Ashe ba kai kay yi ba," ya ce.

Alƙasim ya ji kamar an watsa masa ruwan randa. Mahaifin ya ci gaba a hankali, idonsa a kan igiya. Tun ranar farko ya ga ruwan. Ya fito da asuba ya tarar ƙofa a buɗe a ranar da ba tasa ba, ya tsaya yana kallo, sai zuciyarsa ta ce masa yaron nan ne, ya ga tsufa ya kama ubansa, ya yi masa abin da yake gani alheri ne. Kunya ta rufe shi. In ya je ya gaya wa Kalla, ya tona ɗansa, aikin gwamnati ya tafi, karatun shekara da shekaru ya tafi. In ya toshe, ruwan ya malala kan hanya kowa ya gani. Sai ya buɗe fangali ya bar shi ya shiga. Ya yi niyyar in sun haɗu ya ce masa ya bari, amma bai san ta inda ake fara irin wannan magana ba.

"Baba, ni za ka zata da sata?"

"Ban kira ta sata ba a raina. Da na kira ta, da ban iya barci."

Alƙasim ya share zanen da tafin hannu. Can ya ce to, abin da ya wuce ya wuce, amma gobe kada ya faɗi wannan a gaban mutane. Injin ce ta yi kuskure, a bar maganar a nan. Tsohon ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka.

Bayan sallar Juma'a gari ya taru a bakin baraji, maza a inuwar bango, mata can gefe wajen kanal, Tabawa a gabansu. Alƙasim ya bar tsohuwar pus a cikin akwatin. Ya yi bayani da misalin tafinta: ka gaya masa magana daidai, shi kuma garin sauri ya yar da kalma ɗaya kafin ya isar. Ya ce kalmar da aka yar ita ce lambar ƙofa, kuma in lamba ta ɓace, injin ƙofa ta ɗaya take tura ruwa.

"To shi tafintan," in ji Kalla, "shi ma ɗan gidanku na? Ƙofofi duk ga su, bai ga ta yar ma ruwa ba sai ta Jima?"

Aka yi dariya, amma ba irin ta ranar farko ba. Wannan tambaya ita kowa ke riƙe da ita.

Alƙasim ya ce shi ba zai taɓa komai ba. Ya roƙi Kalla ya shiga ɗakin da kansa tare da Isufu, su cire wayar ƙofar Jima daga gurbin farko, su sa wayar ƙofar Kalla a wurin. Kalla ya naɗe hannun riga ya shiga, ya tsaya a kan Isufu har aka ɗaure. Sannan aka kira Mamman da Muhammadu, aka ce su yi musayar ruwan yau yadda suka saba. Suka danna, ba abin da ya faru. Wani daga baya ya ce a daina ɓata wa mutane lokaci. Alƙasim ya ce su sake. Suka sake. Suka kuma sakewa.

Daga can tsakiyar garake aka ji ƙarar ƙarfe. Kowa ya juya. Ƙofar Kalla ce ke ɗagawa, ruwa ya tunkuɗo ya shiga fangalinsa yana kumfa.

Wata tsohuwa daga cikin mata ta ce a kawo sarƙa, an kama farsidan. Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Kalla ya tsaya yana kallon ruwan, sannan shi ma ya yi murmushi ya girgiza kai. Ya tambaya wa ya sa Jima a gurbin farko. Dattawa suka tuna masa cewa wayoyin bin jerin garake suka yi daga bakin baraji, garaken kuwa ƙuri'a aka jefa, shi da kansa ya riƙe ƙwaryar, a lokacin yaron yana can bakin teku.

Aka mayar da wayoyi. Alƙasim ya zare tsohuwar pus ya danna sabuwa, ya kunna. Allon ya yi duhu na ɗan lokacin da ya ji kamar shekara, sannan ya kawo. Aka yi ta danna buton bibbiyu, duk wanda ke so ya zo ya gwada, har samari suka mayar da abin wasa. Ko sau ɗaya ruwa bai ɓata hanya ba.

Kalla ya ɗaga hannu zai rufe taro, sai Tabawa ta yi gyaran murya.

"Farsidan, na ji injin ba ta da laifi, yaro ba shi da laifi. Injin ba ta da ido. Jima fa? Ruwa na shiga garkarka ranar da ba taka ba, ba ka gani?"

Alƙasim ya dubi mahaifinsa yana roƙonsa da ido. Malam Jima ya dafa sanda ya miƙe.

"Na gani," ya ce. "Tun ran farko. Niy yi shiru."

Kalla ya tambaye shi dalili. Tsohon ya ce dalilinsa nasa ne, a yanke abin da za a yanke. Guna-guni ya tashi, wani ya ce ai wanda ya ga ruwan wani ya buɗe masa fangali ba shi da maraba da wanda ya fasa kanal. Alƙasim ya ga garkar tana sake suɓucewa, a wannan karon kuma ba pus ɗin da za ta riƙe ta. Ya matsa gaba ya ce shi zai faɗi dalilin. Tsohon ya zaci shi ne ya karkato ruwan da gangan, ya yi shiru don ya rufa masa asiri. Ya faɗe shi a fili, mahaifinsa kuwa ya sunkuyar da kai kamar shi aka tona.

Dattawa suka ja Kalla gefe. Sun daɗe. Da suka dawo Kalla ya ce garka tana nan a hannun Jima, domin bai fasa ba, bai sa a fasa ba. Amma shirun da ya yi ya kashe wa baiwar Allah albasa, saboda haka daga yau har a cire albasa, duk ranar ruwan Jima ta Tabawa ce. Tasa albasar, abin da ya iya ɗebowa da tulu shi za ta sha. Jima ya ce ya yarda. Kowa a wurin ya san rabin garkar ba zai kai ba.

Da yake yammacin ranar lokacin ruwan Jima ne, Isufu ya murɗa makulli don a ƙara mata shi a kan nata, Jima da Tabawa suka ɗora yatsu, aka ce bisimilla. Ƙofar Tabawa ta ɗaga.

Taro ya watse, ita kuwa ta riga kowa isa garkarta, tana bin ruwan da fartanya tana buɗe masa hanya. Alƙasim ya bi ta ya tsaya a kan gefe, ya tambaye ta ko akwai abin da zai tashi. Ta nuna masa da fartanya: fangalin gabas sun mutu, ba ruwan da zai tashe su, na tsakiya in Allah ya so, na yamma da sauran rai. Can baya mahaifinsa ya ɗauko tulu ya nufi bakin baraji, yana tafiya a hankali.

"Kana tsaye kana tambaya," in ji Tabawa, ba ta ko ɗago ba. "Tuɓe takalman nan ka shigo ka tare min wancan bakin, ruwa na gudu."

Ya tuɓe ya shiga.